Wata 13 ba albashi, ba fansho: lamarin wani ma'aikacin gwamnatin tarayya

Ya kama aikin gwamnatin tarayya a ƙarshen 1988 yana ɗan shekara 23, ya ajiye a ƙarshen 2023. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi ta shekarun aiki ce ta cim masa, yana da 58, da sauran ƙarfinsa. Ya bar aiki a mataki na 14, a reshen wata ma'aikata da ke Kaduna. Ba zan kama sunansa ko na ma'aikatar ba. Malam ake ce masa a ofis, haka zan riƙa kiransa. Alƙaluman kuɗinsa kuma na dunƙule su ne don lissafi ya zo da sauƙi.

Ranar da ya miƙa makullin ofis yana da mata ɗaya da 'ya'ya bakwai. Uku suna makaranta, ɗaya daga ciki a jami'a. An riga an sa ranar auren 'yarsa ta uku. Mahaifiyarsa tana ƙauye, shi ke aika mata na cefane. A gidan haya yake zaune, amma yana da fili a bayan gari, da ginin da ya tsaya a linta shekara da shekaru. Albashinsa na ƙarshe bai wuce naira 230,000 ba kafin a cire haraji da sauransu.

Na zaɓi lamarinsa ne saboda ba almubazzari ba ne. Ba ya cin bashin banki, yana zubi a ƙungiyar adashin ma'aikata, takardunsa na aiki suna cikin jaka guda tun daga ta ɗaukar aiki. Duk da haka, sama da kashi 40 cikin 100 na kuɗin da aka damƙa masa a hannu bayan ritaya a biyan bashi ya tafi, bashin da ba shi da ko kwabonsa ranar da ya bar aiki.

Kuɗinsa gida biyu ne

Duk wanda ya shiga aikin gwamnatin tarayya kafin tsakiyar 2004 ya kuma kai ritaya bayan 2007, tsari biyu ya ratsa. A tsohon tsari ba a cire wa ma'aikaci komai, gwamnati ce ke biyan giratuti da fansho daga kasafin kuɗi. Tsarin ya durƙushe saboda tarin bashi, tsofaffi na kwana a layin tantancewa. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka yi dokar gyaran fansho wadda ta kafa hukumar PenCom, aka koma tsarin karo-karo: ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 cikin 100, gwamnati ta zuba 7.5, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Dokar 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu, ta ɗaga zubin zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da aƙalla 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Kamfanin kula da fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba, suna wajen wani kamfanin ajiya dabam.

To, shekara 19 na ƙarshen aikin Malam suna cikin wannan asusu, ana zuba su wata-wata, suna haihuwa. Shekara 16 na farko fa? Waɗannan gwamnati ta ɗauke su a matsayin bashi a kanta. Ana lissafa haƙƙin shekarun baya ne bisa matakin da ma'aikaci yake kai a ƙarshen Yunin 2004, sai ya yi ritaya sannan a zuba kuɗin cikin asusunsa. Doka ta ce gwamnati ta riƙa ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashin da take biya kowane wata a wani asusu a Babban Bankin Najeriya domin wannan biya. Abin da ake warewa ya sha gaza abin da ake buƙata, shi ya sa aka riƙa samun layi. A lokacin da Malam ya yi ritaya kuwa, PFA ba ya fara biyan mutum sai kuɗin gida biyun sun haɗu a wuri ɗaya. Ma'ana, naira miliyan 10 da wani abu na zubinsa suna nan, yana ganinsu a takardar bayanin asusu, amma ba dama ya taɓa, sai gwamnati ta kawo nata miliyan huɗu da ɗoriya.

Malam ya san da maganar jira. Abin da ya ɗauka shi ne wata uku ne ko huɗu.

Shekarar ƙarshe a ofis

A lokacin, PenCom kan yi rajistar masu shirin ritaya daga ma'aikatun da baitulmali ke biya tun ana saura shekara guda. Malam ya yi tasa a kan lokaci, amma abu biyu suka ci masa makonni. Na farko suna. A takardar ɗaukar aiki an rubuta sunansa na farko da wani harafi, a katin NIN da wani, a wajen PFA kuma an sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Mutum ɗaya, rubutu uku. Sai da ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya koma ofishin katin ɗan ƙasa, ya sake cike fom na sabunta bayanai a PFA. Wannan matsala ta yi mana yawa a Arewa, inda Muhammad ɗaya ake rubuta shi iri huɗu, ranar haihuwa kuma sau da yawa ƙiyasin hedimasta ce.

Na biyu, da ya zauna ya jera takardun albashinsa kusa da bayanin asusunsa, sai ya ga akwai wata bakwai a jere, lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki shekaru da dama baya, da aka cire masa kuɗin fansho amma ba su shiga asusun ba. Ya rubuta takarda, ya bi sawu, daga baya aka zuba. Sai dai ribar da kuɗin nan za su haifa a tsawon shekarun ta tafi. Da yana duba bayanin asusunsa ko sau ɗaya a shekara, da tun a lokacin ya gani.

Jiran

Albashi ya tsaya a watan da ya cika shekara 35, ba a ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Abin da ke hannunsa naira 600,000 ne da ya karɓo daga ƙungiyar adashi. Daga baya aka maido masa da zubinsa na asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 cikin 100 ɗin nan da ake cirewa daga albashi, wajen naira 300,000. Ma'aikata da yawa kan manta da wannan kuɗi, alhali haƙƙinsu ne, sai dai sai an cike fom an nema.

Ritayar tasa ta faɗo a mummunan lokaci. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira ta faɗi, farashin masara da shinkafa da kuɗin mota suka yi sama. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Gidan Malam, ko an tsuke, ba ya cin ƙasa da naira 180,000 a wata. Kuɗin adashi suka ƙare a wata na huɗu. Daga nan aka buɗe littafi a wajen mai shagon unguwa. Kuɗin haya ya zo, ya ranto a wajen ƙanin matarsa. Rajistar jami'a ta zo, uwargida ta fito da 'yan kunnenta na zinariya ta ce, "Malam, a kai kasuwa, karatun yaro ba ya jira." Ya roƙi dangin mijin 'yarsa a ɗaga biki, aka ɗaga sau biyu, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne a wajen uba.

Akwai abin da bai shiga lissafin kuɗi ba amma ya fi ci masa rai. Mutumin da shekara 35 shi ake zuwa wa da buƙata, yanzu shi ke tsayawa a ƙofar shago yana jira mutane su ragu kafin ya yi magana. A cikin watannin nan ne likita ya ce masa yana da hawan jini.

Alat ya shigo a wata na 13. Bashin da ke kansa ranar ya kai naira miliyan 1.9.

Ba shi kaɗai ba ne. Jinkirin biyan haƙƙin shekarun baya ya shafi dubban 'yan fansho na tarayya a waɗannan shekaru, har a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince a fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho da suka taru. Mataki ne mai kyau, ina kuma fatan layin ba zai sake taruwa ba. Amma ma'aikacin da ya saura masa shekara uku ko biyar bai kamata ya gina shirinsa a kan fata ba.

Zaman da aka yi a ofishin PFA

Asusun ya tashi kusan naira miliyan 15. Malam ya shiga ofishin da tunanin tsohon tsari, yana sa ran za a miƙo masa rabi ko fiye a matsayin giratuti. Jami'ar da ta karɓe shi ta juyo masa fuskar kwamfuta ta ce, "Baba, ba mu ke yankawa ba, lissafi ne." Lissafin na duba shekarun mutum, namiji ne ko mace, albashinsa na ƙarshe da abin da ke cikin asusu. Manufar dokar ita ce abin da zai rage ya isa a riƙa biyan fansho wata-wata, rarar da ke sama ita ake bayarwa a dunƙule. Ga mai albashi da asusu irin na Malam, dunƙulen ya tsaya a wajen kashi ɗaya cikin huɗu: naira miliyan 3.5. Aka ƙara masa da ariyas na watannin da ya yi jira, kusan miliyan 1, wanda shi ma daga cikin asusun nasa aka ciro. Saura miliyan 10.5.

A nan aka zo babbar shawara, wadda za ta bi shi har ƙarshen rayuwa. Hanya biyu doka ta bayar.

Ta farko, kuɗin su zauna a wajen PFA, a ci gaba da juya su, ana yanko masa wata-wata. An ƙiyasta masa kimanin naira 80,000. Idan asusu ya yi riba sosai, PenCom kan ba da izinin ƙara wa masu wannan tsari lokaci-lokaci. Idan ya rasu, duk abin da ya rage na magada ne. Haɗarinta shi ne mutum ya yi tsawon rai kuɗin su ƙare. Doka ta yi tanadin mafi ƙarancin fansho domin irin wannan, amma a lokacin tanadin ya daɗe a takarda ba a fara aiki da shi ba.

Ta biyu, a miƙa kuɗin gaba ɗaya ga kamfanin inshorar rai mai lasisi, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa har ya mutu, ko da zai shekara ɗari. Ana ce mata anuwiti. Wani wakilin inshora, wanda ya samu lambar wayar Malam tun kafin alat ya shigo, ya kawo masa tayin naira 105,000 a wata. Bambancin naira 25,000 kenan duk wata, 300,000 a shekara, ga mutumin da bashi ya yi wa katutu. Sharuɗɗan da ke ƙasa su ne: akwai lamunin shekara 10, in mutum ya rasu a cikinsu za a biya magada ragowar shekarun, in ya wuce shekara 10 ya rasu ba abin da za a ba iyali. Adadin da ake biya galibi a tsaye yake, ba ya bin farashin kasuwa. Kuma wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa wajen PFA, alhali wanda ya fara da PFA yana iya komawa anuwiti daga baya.

Ya kamata a faɗa a fili cewa duka ɓangarorin biyu suna da abin da za su samu. Wakilin inshora yana da kamasho, PFA kuma yana cin ladan kula da kuɗin muddin suna wajensa. Ba laifi ba ne, sana'a ce. Amma kada ɗan fansho ya ɗauki ɗayansu a matsayin mai ba shi shawara don Allah.

Malam ya nemi mako guda. Ya zauna da uwargida da babban ɗansa, ya kuma je wajen malaminsa. Abu uku suka rinjaye shi. Autarsa tana aji biyu na ƙaramar sakandare, in ya faɗi bayan shekara 11 yana so a samu abin da za a raba. Ga hawan jini. Ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda ta daɗe tana damunsa. A nan ne ya fara jin cewa tun 2021 akwai asusu na shida a jerin asusun da PFA ke juya kuɗin fansho a ciki, wanda ba a zuba kuɗinsa sai a harkokin da babu kuɗin ruwa a cikinsu, irin su sukuk, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na 'yan fansho. Shekara biyu da wani abu yana aiki asusun na nan, ba wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba. Ya zaɓi zama a wajen PFA, ya nemi a mayar da kuɗinsa asusu na shida.

A ganina ya yi daidai, a halin da yake ciki. Ba na cewa haka ya dace da kowa. Wanda 'ya'yansa suka kama gabansu, yake da gidan kansa, lafiyarsa ƙalau, danginsu kuma masu tsawon rai ne, anuwiti na iya fiye masa kwanciyar hankali. Abin da na tsaya a kai shi ne: tunda ƙofar ɗaya ce ke da hanyar komawa, wanda bai gama fahimta ba ya fara da wadda ba ta rufe masa zaɓi. Ƙari a kan haka, abin da kamfanin inshora ke biya a wata yana ƙaruwa da yawan shekarun mai saye, don haka jinkirin shekara biyu ko uku ba asara ba ce tsantsa.

Inda miliyan 4.5 suka tafi

Miliyan 1.9 bashi. Ya biya a mako guda, bai bar ko na mai shago ba. Saura 2.6.

Masu shawara suka yi ta zuwa. Wani ya ce a sayi Keke Napep a ba yaro haya. Wani ya ce kiwon kaji. Wani tsohon abokin aiki ya nuna masa wata manhaja a waya mai ninka kuɗi cikin wata guda, ya ƙi, bayan 'yan watanni kuwa, a Afrilun 2025, irin wannan manhaja mai suna CBEX ta rufe da kuɗin mutane, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Burinsa na shekara da shekaru shi ne ya sauke farali da kuɗin ritaya, amma kujerar hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, maganar ma ba ta taso ba.

Ya sa miliyan 1.6 a gini: katako, kwano, ƙofofi da tagogi na ɗaki biyu da falo. Ba filasta, ba silin, suka tare haka. Naira 700,000 suka tafi a kayan ɗakin amarya, 'yan'uwa suka cika sauran. Ragowar 300,000 ya ajiye don rajistar jami'a. Rufin nan shi ne mafi alherin abin da ya yi da kuɗin, domin ya sauke masa naira 450,000 na haya duk shekara, wanda ya fi fanshonsa na wata biyar. Sai dai kwanon da ya saya a farkon 2025 ya fi na 2023 tsada nesa ba kusa ba. Jiran ya ci shi ta fuska biyu, ta bashi da ta farashi.

Abin da za a iya yi tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan duk abin da ya wahalar da Malam abu ne da ake iya gani tun ana saura shekara biyar, domin ma'aikacin gwamnati ya san ranar ritayarsa tun ranar da ya karɓi takardar ɗaukar aiki.

Babban giɓin shirinsa shi ne rashin kuɗin jira. Da ya riƙa ware naira 30,000 duk wata a shekara biyar na ƙarshe, da ya tara miliyan 1.8, kusan daidai da bashin da ya ci. Na san abin da mai karatu zai ce: mai 'ya'ya bakwai da wannan albashi ina zai ga rarar 30,000? Gaskiya ne, da wuya. Amma Malam ya biya wannan kuɗin dai a ƙarshe, ya kuma haɗa da 'yan kunnen matarsa da kunyar ɗaga biki. Ko rabin haka ya tara, da jiran ya zo da sauƙi. Sharaɗin kuɗin jira shi ne su kasance inda mutum zai ɗauka ba tare da jiran sa hannun kowa ba: ƙungiyar adashin ma'aikata, asusun banki na dabam, ko buhunan hatsi da aka saya da kaka. Doka ta ba da damar ma'aikaci ya ƙara zubi na ganin dama a asusun fanshonsa ta hanyar albashi, yana da amfani wajen ƙara kauri ga fansho, amma cirarsa na da sharuɗɗa, don haka ba zan sa kuɗin cefanen watannin jira a can ba.

Sai gida. Ginin da ya tsaya a linta ya kamata a rufe shi da albashi, tun yana shigowa, ko da ɗaki ɗaya-ɗaya ne. A Satumbar 2022 PenCom ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 cikin 100 na asusunsa a matsayin kason farko na bashin sayen gida daga banki, amma sai wanda ya yi zubi na wata 60 kuma ya rage masa aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Malam bai cika sharaɗin ƙarshe ba. Wanda ya cika ma ya tuna cewa duk abin da ya cira yau daga fanshonsa na gobe ya rage.

Sai maganar gado, wadda mutanenmu ba sa son a taɓo. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba kai tsaye. PFA ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan a raba bisa shari'a. Iyali su san sunan kamfanin, su san lambar asusun, su san inda takardu suke. Wanda ya rasu yana bakin aiki kuma iyalinsa na da haƙƙin inshorar rai, aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Gidaje nawa ne suka bar wannan kuɗi don ba su san da shi ba?

Duk wannan bayani na ma'aikacin tarayya ne. Ma'aikacin jiha ya fara tambayar wace doka ce ke kansa. Kaduna ta bi tsarin asusun kowa da nasa. Jigawa da Kano suna cire karo-karo, amma a tukunya ɗaya ake tarawa, a biya giratuti da fansho bisa shekarun aiki da albashin ƙarshe. Sojoji sun fita daga tsarin PenCom tun 2011. Malaman makaranta kuma dokar 2022 ta ɗaga musu shekarun ritaya zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ko da yake ba kowace jiha ce ta ɗauka ba.

Yanzu Malam yana karɓar kimanin naira 80,000 a wata, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa na ƙarshe, kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Ba ya biyan haya. Yana riƙe wa wani ɗan kasuwa littafin lissafi kwana uku a mako, babban ɗansa kuma ya ɗauke masa nauyin kakarsa. Ramin da bai toshe ba shi ne na lafiya. Inshorar lafiyar da yake da ita a matsayin ma'aikaci ta tsaya da tsayawar albashi, maganin hawan jini da ganin likita daga aljihunsa suke fita, suna cin abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na fanshon. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa tana da tsarin da mutum ke biya wa kansa da iyalinsa a shekara, ya karɓo fom, yana jiran ya gama da rajistar ɗansa ta shekarar ƙarshe kafin ya biya.